Ƙarfen da ya ƙoshi

Ni na rubuta rahoton da ya kusa raba Baba Sa'adu da aikinsa. Gara in faɗa tun farko, don har yau in na tuna kunya nake ji.

Lokacin wata huɗu da dawowata Matameye daga karatu a Yamai, ina ɗauke da takardar injiniya da ordinater, wato kwamfuta, ina jin kaina a sama. Ƙungiyar masu lambun rake ta hanyar Dungu tana da babban injin kuran, wato lantarki, mai ba famfuna goma sha biyu wuta, amma kusan kowace safiya sai ya yanke. Rake ya fara ƙwandarewa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ummaru, ya kira ni in gano dalili.

Baba Sa'adu shi ke kula da injin. Ya yi shekara talatin yana aikin waya, rabinsu a ci-rani a Kano. Ranar farko ya nuna mini zobba biyu na ƙarfe, babba da ƙarami, kamar awarwaro, waɗanda babbar waya ke ratsawa ta cikinsu. Su ke auna kuran mai shiga da mai fita, su sanar da na'urar tsaro. In ta ga lissafin biyu ya bambanta, sai ta ɗauka wuta na zuba wani wuri, ta kashe komai.

"Ruƙayya, 'yata," ya ce, yana taɓa ƙaramin zoben, "wannan ƙoshi yake yi. In ya ƙoshi sai ya yi ƙarya."

Na yi dariya a zuci. Ƙarfe da ƙoshi, sai ka ce jariri.

Na zana injin da famfunan a cikin lojisiyel, manhajar gwaji da ke ordinater ɗina, na kunna su ɗaya bayan ɗaya. Komai ya tafi sumul a allo. Tunda na'ura ba ta ga laifi ba, na rubuta cewa matsalar daga haɗin waya take. Kwamitin ƙungiyar ya sa ranar Alhamis don sallamar Baba Sa'adu. Bai yi mini musu ba. Ya ci gaba da gaishe ni kamar kullum, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ranar Talata na tafi lambun da sassafe don in ɗauki hoton wayoyin, in ƙara wa rahoton nauyi. Ina tsaye aka sallame sallar asuba a masallacin lambu. Mutum goma sha biyu suka fito tare, kowa ya nufi famfonsa, suka danna kusan lokaci guda. Injin ya yi gurnani, ya yanke.

Nan take na gane kuskurena. Ni a allona famfunan layi suke bi cikin ladabi, alhali masu su sahu ɗaya suke tashi. Na buɗe ordinater a kan buhun taki, sai na ga ɓarna ta biyu. A wurin zobban awon na bar zaɓin da lojisiyel ke zuwa da shi, wato ƙarfe marar iyaka, wanda duk kuran da aka ɗora masa zai auna daidai. Abin haushi, an koya mana wannan a shekara ta uku, har na ci jarrabawarsa.

Na je na durƙusa gaban Baba Sa'adu.

"Baba, ina son ka taimake ni mu auna zoben nan."

Ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Muka wuni yana ƙara wa zoben wuta kaɗan-kaɗan, ina rubuta abin da ya ja. Da farko lambobin suka hau tare. Da muka kai wani wuri sai layin ya lanƙwashe kamar gwiwa, ƙarfen ya ƙi karɓar ƙari. Na shigar da lambobin, na kunna famfuna goma sha biyu tare. Awon ƙaramin zoben ya fito a guntule, ƙasa da na babban, na'urar tsaron da ke allo ta yanke, daidai yadda ta gaske ke yi.

Ranar Alhamis na tsaya gaban kwamiti.

"Alhaji, rahotona kuskure ne. Wayar Baba Sa'adu ba ta da aibi. Shi ya gano matsalar tun ranar farko, ni ce ban saurara ba."

Na nuna musu allon. Na ce kafin a samu zobe babba, a riƙa kunna famfunan biyu-biyu, da tazarar minti ɗaya. Alhaji Ummaru ya naɗe takardar sallamar ya sa aljihu, aka koma gardamar wa zai fara kunnawa. A ƙarshe aka bi shekaru, Baba Sa'adu kuma shi zai riƙa ɗaga hannu a kunna.

Washegari famfunan suka tashi duka, ruwa ya gangara cikin rake. Baba Sa'adu ya zo ya zauna kusa da ni, ya sa tabarau.

"Sake nuna mini gwiwar nan," ya ce. "Shekara talatin ina faɗa ana dariya. Ina so in gan ta da kyau."