Murfin Akwatin Babana

Babana ya daɗe yana ajiye da wani falankin itacen odum mai faɗi a ƙarƙashin rufin shagonsa a Kumasi. Duk wanda ya taya sai ya ce, "Murfin akwatina ne wannan." Da ya rasu, shago da injuna suka koma hannun Agyenim, ɗan ƙanwarsa, don a al'adarmu ɗan 'yar'uwa ke gado. Ni ɗan cikinsa sai zarton lantarki na hannu da na saya da gumina. Amma akwatin gawa aikin 'ya'ya ne, shi kaɗai ne abin da zan yi wa tsohon nan da sunana.

Da muka sauko da falankin sai gabana ya faɗi. Zafin kwano ya gantsarar da shi kamar cikin kwalekwale.

Na ce wa Agyenim, "Yaya, wannan ba na injin yanka na tebur ba ne. Bari in kwantar da shi a ƙasa, in ɗaure miƙaƙƙen katako a kansa, in bi da na hannu a hankali."

Agyenim ya tuntsire da dariya. "Fosu, da abin masu rufin kwano za ka yanka akwatin kawuna? Abin da yankansa kamar tafiyar mashayi! Injin tebur fa ko gashi ba ya kaucewa."

"In katakon miƙaƙƙe ne ba! Tebur so yake katako ya kwanta masa lif. Wannan zai matse haƙoran zarton, inji ya harbo maka shi."

"Kai za ka koya mini injina?"

Wai injinsa! Injin da ni na zuba sumuntin ƙafafunsa, ni nake wasa haƙoransa tun yana sayar da tsofaffin tayoyi a Suame. Raina ya ɓaci.

Muka kai maganar gaban Nana Frimpong, babban dangi, tsohon da bai taɓa riƙe guduma ba. Ya saurare mu yana suɗe miyar fufu a yatsunsa, sannan ya yi tambaya ɗaya tak.

"A ina aka sami falankin?"

Na ce, "A shago, Nana."

"To na magaji ne. Shi ya yanka, kai ka haɗa."

Shi ke nan fa, wai an yi shari'a.

Agyenim ya kunna inji ya tura. Da farko abin ya tafi sumul, har ya waiwayo ya ɗaga mini gira. Ana kaiwa tsakiya ƙarar ta canza, hayaƙi ya fara tashi. Na daka ihu, "Kashe! Kashe mana!" Ina, sai ma ya ƙara dannawa da ƙirji. Ji kake ƙaras! Falankin ya yi sama, ya daki bango, ya tsage tun daga kai har gindi.

Ya tsaya yana duba yatsunsa ko sun cika. Can ya ce, "Dama itacen ya tsufa."

Na fice daga shagon, don da na buɗe baki gawa biyu za a binne ranar Asabar. Na karaɗe kasuwar katako, busasshen odum mai faɗin nan babu shi. Dole na yi murfin da filawud, siririn katakon nan mai araha, na yi ta shafa masa fenti ina jin kunyar kaina.

Ranar jana'iza Agyenim yana zaune a rumfa cikin baƙin zane, jama'a na layi suna ba shi hannu. Goggo Konadu, uwarsa, ta zo ta tsaya a kan akwatin. Ta ƙwanƙwasa murfin da zobenta, ya amsa kamar fanko. Ta juyo, a gaban kowa ta ce:

"Fosu, wa ya yi akwatin nan?"

Na dubi rumfa. Agyenim ya sunkuya yana gyara takalmi.

Na ce, "Ni ne, Goggo."

"Kai! Mutumin da ya koya maka riƙon zarto, da kwali za ka rufe masa fuska?"

A haka aka ɗauki babana.