Ɓerayen Rahmat

Ni dai tun ranar da ƙanwata Rahmat ta buɗe baki a kan tabarmar mahaifiyarmu Iya na san za a yi ta. Yarinyar nan ilmi har wuya, amma ba ta san wanda ake yi wa dogon bayani ba.

Ta zo hutu unguwarmu Wulari daga wajen bincikenta, muna cin biski, sai Iya ta tambaye ta wai me take yi da ɓeraye duk shekarun nan. Rahmat ta ajiye cokali.

"Iya, a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, inzayim ake ce masa. Ɗan aike ne, shi ke kai saƙo cikin ƙwayar. Muna zargin a wajen mai farfaɗiya ba ya tsayawa, aike kan aike har jiki ya rikice. Mun ba ɓeraye abin da ke rage masa gudu, faɗuwarsu ta ragu."

Iya ba ta ji ɓeraye ba, ba ta ji zargi ba. Ta ji "ta ragu", sai ta dubi Hashim.

Hashim ƙanena ne, yayan Rahmat. Tun yana yaro yake faɗuwa. Da ƙyar muka samu ƙwayar asibiti ta karɓe shi, har Alhaji Ba'ana ya yarda ya ɗauke shi aiki a Kasuwar Shanu, bisa sharaɗin kada ya faɗi a tsakiyar dabbobi. Aikin nan shi ne mutuncinsa. Ranar da ya fara shigowa gida da tsarabar nama, sai da na ɓuya na yi kuka.

To, Iya tana da ƙa'ida tun ta kakanni: ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya. In sabo zai shiga, sai a bar jiki ya huce daga tsohon. Ba ta gaya wa kowa ba, ta karɓe ƙwayoyin Hashim ta ɓoye cikin kaskon turare, ta ce ya share hanya, maganin ƙanwarsa na tafe. Shi kuma bawan Allah, yaushe ya taɓa yi wa Iya musu?

Ranar kasuwa ya faɗi, a gaban bijimai. Mutane suka dare, kowa na gudun yawunsa wai kada ya ɗauka. Wani mahauci ne ya ja shi gefe. Aka kawo mana shi a keken Napep, goshi a fashe, tare da saƙon Alhaji cewa ya zauna a gida.

Da gaskiya ta fito na buɗe baki zan yi faɗa, don ni ba na iya haɗiye magana. Ina ganin fuskar Iya sai na fasa. Tausayinta ya kama ni fiye da na mai ciwon.

Rahmat ta durƙusa a gabanta. "Iya, babu magani tukuna. Ko mutum ɗaya ba a gwada wa ba. Zai iya ɗaukar shekaru, zai iya ƙin yiwuwa ma."

"To me kika zo kina gaya mini?" in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa.

Hashim ne ya yi magana daga kwance.

"Ɓerayen naki, sun daina faɗuwa da gaske?"

"Wasu daga cikinsu, Yaya."

"To madalla. Koma ki ci gaba. Ni dama jira na saba."

Iya ta tashi, ta tono ƙwayoyin daga kasko, duk sun ɗauki ƙanshin turare. Rahmat ta ce a sayo sababbi, kuma gobe a kai shi wajen likitansa. Iya ba ta yi gardama ba. Alhaji Ba'ana kuwa na je wajensa har sau biyu, ya ce shi ba zai ɗauki alhakin rai ba.

Ranar da Rahmat za ta koma, Iya ta biyo ta bakin ƙofa da ƙullin gyaɗa a leda.

"Iya, ai kin ba ni tsaraba."

"Ba naki ba ne. Ki kai wa ɓerayen nan. Su ma a kan ɗana suke faɗuwa."