Rubutun da Ruqayya Ta Haɗa

Ruqayya ta ɗago kai daga na'urar hangen ƙwayoyin cuta, ta murtsuke ido.

"Gawayi ne da ƙaro da ruwa, Chiamaka. Wallahi babu komai bayan haka."

Chiamaka, abokiyar aikinta a ɗakin gwajin jini da ke Sabon Gari, ta tuntsire da dariya. "To da me kike so ki gani? Ayoyi suna iyo? Ni ma man addu'ar da Mamana take karɓowa a coci man zaitun ne kawai, amma je ki gaya mata ki gani."

Abin da take dubawa rubutu ne da ta ɗiga daga wata gora, wanda Malam Sadisu na Rijiyar Lemo yake yi a allo ya wanke wa mahaifiyar Ruqayya. Tun rasuwar Baba barci ya ƙaurace wa Inna Ummakulsum, jininta ya hau, har likita ya ce in aka ci gaba a haka zai iya kayar da ita. Ƙwayar barci ba ta yi mata komai ba, sai da ta fara shan rubutun nan. Ruqayya ta yi murna ƙwarai, amma ita irin mutanen nan ce da ko agogo ka ba su kyauta sai sun buɗe bayansa. Ayar ce take aiki, ko kuwa zuciyar Inna ce kawai ta kwanta?

Kafin ta tashi daga aiki ta daka gawayi, ta jiƙa ƙaro, ta tace, ta ɗura a gora irin waccan sak. Ta Malam kuwa ta ɓoye a jaka. A cikin adaidaita sahu, suna maƙale a cunkoson shataletalen Bata, ta yi ta saƙe-saƙe. In Inna ta kwana ido biyu jinin ya tashi, alhakin yana wuyanta. Duk da haka son sani ya fi ƙarfinta, tana isa gida ta miƙa wa Inna gorar.

Da gari ya waye Ruqayya ce ta fito da jajayen idanu, don kwana ta yi tana kasa kunne. Inna kuwa har minshari ta yi, ga ta nan garau tana dama koko.

"Inna, kin yi barci?"

"Alhamdulillahi, kamar jaririya."

Ruqayya ta durƙusa, kunya da zumuɗi sun haɗe mata. "Ki yafe mini. Na jiya ba rubutun Malam ba ne, ni na haɗa shi. Babu aya ko ɗaya a ciki. Kin ga ke nan..."

"Na sani," in ji Inna, ba ta ko daina juya ludayi ba. "Wa ya haife ki? Gawayi cike da farcenki, ga ƙaron ya yi yawa har yana kama leɓe. Sai na ce yarinyar nan ta kawo mini ƙwarya babu tuwo. Na zauna na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa a ciki, na sha."

Ruqayya ta saki baki. Gwajin da ta sayar da barcinta a kansa ya tashi a banza.

Inna ta dubi idanunta, ta jawo gorar daga ƙarƙashin kujera ta ajiye mata. Saura rabi.

"Na rage miki. Na san ke ce ba za ki runtsa ba."

Ruqayya ta jujjuya gorar a hannu, ta buɗe murfin.

"Inna, wace sura kika karanta?"