Gaisuwa Goma Sha Ɗaya Kafin Ƙararrawa

'Yata ta fi kowa gudu a makarantarsu, ubanta kuma sana'arsa gyaran agogo, amma wai mu ne aka kira makaranta saboda makara. Ku ji min abin kunya.

Barewa muke ce mata tun tana ƙarama, don ba a taɓa aikenta ta tafi da tafiyar mutane ba. Yanzu shekararta goma sha shida, tana sakandare, kuma ita ce ta ƙarshe a gudun miƙa sanda: 'yan mata huɗu, kowacce ta yi nata ta miƙa wa ta gaba, ita ta ƙarasa. Tun farkon zango suke shirin gasar makarantu, ta hana mu sakat da zancenta, har a bakin murhu sai ta ba ni ludayi wai in miƙo mata ta baya ta karɓa ba tare da ta waiwaya ba.

A farkon zangon nan makaranta ta turo takardar sharuɗɗa. Duk ɗan wasa sai ya ci rabin maki a kowane darasi, sai ya kawo takardar likita, iyaye kuma ba su da izinin shiga fili ko zagin alƙalin wasa. Na ƙasa shi ne wanda ya makara sau uku a zango, to ya kalli gasa daga kan benci. Mu biyu muka sa hannu. Maigidan har da gyara tabarau, yana cewa tsari ne mai kyau, haka ake gina yara.

Saura kwana takwas gasa Koci ta kira mu, wato malamar da ke horar da su. Ofishinta ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ƙwallaye cike da raga a lungu, ko'ina warin roba. Ta buɗe rajista ta nuna mana jan biro biyu a gaban sunan Barewa. Ta ce biyun ma don malamin da ke tsaron ƙofa yana da sauƙin kai ne, ya sha kau da ido. Yanzu shugaban makaranta ya sa ido, safiya biyar suka rage, ƙararrawa bakwai da rabi. In aka ƙara ɗaya, ba ta da yadda za ta yi, kuma sauran ukun ma sun tashi a banza, don ba su da wadda za ta maye gurbinta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ƙarfe shida motar asibiti take ɗauka ta, ban san yadda suke fita ba. Nan take na juya kan yarinya. Na ce madubi ne, na ce waya ce, na ce mutum ya yi ta shafa mai kamar za a kai shi kasuwa. Ita kuwa sai kallon ubanta take yi. Shi kuwa ya ɗaga kai yana gaya wa Koci agogon bangonta ya yi baya da minti biyu.

Sai da muka shiga mota Barewa ta zaro littafin da take rubuta lokutan gudunta, ta buɗe shafin baya ta miƙo min. Ashe wata guda tana auna ubanta. Mai shayi, minti uku. Mai faci, minti biyu, ranar da matarsa ta haihu minti bakwai. Mai gadin banki. Direban motar shara. Wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya da ko sunanta bai sani ba. Wuri goma sha ɗaya yake tsayawa tsakanin ƙofar gidanmu da gadar da ke hanyar makaranta, kuma ba ɗaga hannu ba, a'a, sai ya taka birki, ya sauke gilashi, ya tambayi gida da yara da ƙafar da ta yi ciwo bara. Na kalle shi, ya ce shi dai bai iya wuce mutum kamar ya wuce turken lantarki ba.

Wallahi raina ya ɓaci, har da kunyar faɗan da na yi wa yarinya a gaban malamarta. Na ba ta haƙuri a wurin. Sannan na nemi abokiyar aikina muka yi musanya, na koma aikin yamma na mako guda, na ce ni ma da ni za a riƙa tafiya.

Ranar Litinin na yi dabara, na fito da su minti ashirin kafin lokacin da suka saba. Kuskurena ke nan. Ashe akwai wasu mutanen da yake rasawa kullum saboda sun riga shi wucewa, ranar ya same su duka. Murna kamar ya tsinci 'yan'uwansa da suka ɓata. Ina zungurinsa yana cewa yanzu-yanzu. Muna isa ana jan ƙofar makaranta, Barewa ta kutsa ta gefe, jakarta ta maƙale, ta fizge. Saura ƙiris.

Daren nan ban yi dogon zance ba. Na kafa doka: daga gobe gilashi a rufe, ƙafa ba ta taɓa birki sai a danja. Ya ce ya ji, amma ban da Baba Tsoho. Na ce har da Baba Tsoho, don shi ne mai minti goma.

Baba Tsoho shi ya koya masa gyaran agogo, tun yana ɗan shekara goma sha uku. Yanzu ido ya tafi, hannu yana rawa, kullum da safe ana fito masa da kujerar roba bakin ƙofarsa a kwanar layinmu, ya sha hantsi kafin rana ta yi zafi a mayar da shi ciki. Yana da wani tsohon agogon hannu mai wani, irin wanda sai an murza kullum yake tafiya, yatsunsa kuma ba sa iya murzawa yanzu. Maigidan ne yake tsayawa kowace safiya ya yi masa wani, ya saita, ya ɗaura masa. Ba ya ganin lokaci, amma yana kara shi a kunne ya ji yana tafiya. Shekara shida ke nan ba fashi.

Ranar Talata muka wuce mai shayi yana ɗaga ludayi, muka wuce mai faci ya bi mu da kallo baki buɗe. Maigidan yana gyaɗa kai ta bayan gilashi kamar ƙadangare. Ni da Barewa muna ta danne dariya, har muka zo kwana. Baba Tsoho ya san ƙarar motarmu, da ya ji ta sai ya fara kwance agogon, ya miƙo hannu. Muka wuce. Na ga maigidan yana kallonsa ta madubi har muka sha kwana, sai na daina dariyar. Mun isa makaranta saura minti goma sha biyu, ba wanda ya yi murna.

Da ya sauke mu ya koma gidan Baba, aka ce ya shiga, ya ce kuma ba ya ganin kowa. Laraba ma haka. Maigidan ya daina cin abincin kirki, ya zauna a shago yana buɗe agogon mutane yana rufewa. Na ce to ka aika masa da dalili mana. Sai ya ce da wane baki? Mutumin da in ka zo shago a makare da minti ɗaya zai kore ka gida sai gobe, shi za a je a gaya wa yaronsa ne yake makarar da 'yarsa? Gara a ce ya yi girman kai da a ce wannan.

Maza dai sai a bar su. Ranar Alhamis da muka sauke yarinya na ce ya ajiye ni kasuwa, na zagaya na tafi gidan da ƙafata. Na samu Baba a ɗakinsa, rediyo a kashe, agogon a kan tebur ya tsaya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na kwashe komai na gaya masa, da takardar da muka sa wa hannu, da jan biro biyu, da littafin Barewa. Ban rage wa maigidan ko ɗaya ba. Ya saurara har na gama. Can ya tambaye ni ƙarfe nawa ake kaɗa ƙararrawa, na faɗa. Ya tambayi safiya nawa ta rage, na ce ɗaya. Ya ce to. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na fito ina ce wa kaina, ke kam bakinki ya ƙara ɓata lamari.

Ranar Juma'a kuma mota ta ga damar yin nata. Aka murza, ta yi tari ta mutu. Aka sake. Sai da ni da Barewa da maƙwabcinmu muka tura ta har bakin kwalbati kafin ta tashi. Bakwai saura biyar muka bar gida, tafiyar kuma rabin awa ce in hanya ta yi kyau. Barewa tana baya ta rungume jakarta. Ni kuwa addu'a nake yi ina haɗawa da faɗa.

Muna zuwa kwana na hango Baba. Ba a kan kujera ba, a tsakiyar layi, tsaye da sandarsa, ya sha wankakkiyar riga har da hula. Ba ta inda mota za ta bi. Na ce shi ke nan, yau za a yi mana shari'ar kwana uku a nan, yarinya ta rasa gudunta. Maigidan ya taka birki, hannunsa ya tafi wajen buɗe ƙofa.

Baba ya daka wa bonet sanda, ya ce, "Kada ka sauko, yaro." Mutum da furfurarsa, wai yaro. Ya lalubo gefen mota har ya zo ƙofata, ya ƙwanƙwasa gilashi. "'Yata, koma baya."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a baya ba. Ya shiga, ya ja ƙofa, ya ajiye sanda tsakanin ƙafafunsa.

"Ja mu je. In gaisuwa ce, ka yi ta muna tafiya."

Maigidan ya ja mota, ya fara ina kwana. Baba bai bari ya kai ƙarshe ba ya hau shi da faɗa. Ya ce shekara tara yana koya masa lokaci, ashe kan dutse ya yi ta zuba ruwa. Ya ce wanda bai san minti ba me ya kai shi buɗe cikin agogo. Maigidan sai "haka ne, Baba" yake yi, amma ina ganin gefen fuskarsa, murmushi yake har kunne. Kwana uku ban ga haƙoransa ba.

Baba ya sauke gilashi ya karɓi aikin gaisuwar. Duk inda ya ji murya sai ya ɗaga sanda ya ce muna sauri, jikarsa za ta makara, a yi wa yaron nan uzuri. Har wani mai babur da ya yi mana hon don mu kauce, shi ma ya samu tasa gaisuwar. Da muka hau gada ya zaro agogon daga aljihu ya miƙo baya, ya ce Barewa ta yi masa wani tunda ubanta yana tuƙi. Ta ce ba ta iya ba. Ya ce a hankali, murzawa ashirin, in ta ji ya yi tauri ta tsaya. Ta yi, ta saita shi da wayata, ta kara masa a kunne. Ya lumshe ido ya ce hannunta ya fi na ubanta.

Saura minti uku muka tsaya a ƙofar makaranta. Koci tana tsaye kusa da mai rajista, ta harɗe hannu, da ta gan mu sai ta sauke ajiyar zuciya har daga mota na gani. Barewa ta fita da gudu, ta dawo da gudu, ta leƙo ta taga ta ce wa Baba gasar gobe ƙarfe goma ce, zai zo? Ya ce in direbansa bai tsaya gaisuwa ba.

Ranar Asabar muka zauna a benci na biyu, Baba a tsakiyarmu da agogonsa a kunne. Aka harba bindigar tashi. Ta farkonmu ta yi kyau, ta biyu ta ɗan yi baya, ta uku ta shigo kwana tana ta huɗu. Ni dai na manta da sharaɗin iyaye, ina tsaye ina ihu, sai dai ban zagi kowa ba. Daidai lokacin nan shugaban makaranta ya biyo ta gabanmu yana gaisawa da iyaye ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan maigidan ya miƙo hannu, ya ce barka da zuwa, ya gida, ya aiki.

Maigidan ko kallonsa bai yi ba. Ya sa hannu ya ɗan kau da shi gefe, ya ce, "Dakata, Malam, 'yata za ta karɓi sanda."

Ta karɓa ba ta waiwaya ba, kamar yadda ta yi ta gwadawa da ludayina. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta farkon ce kawai ta tsere mata da taku guda. Na biyu suka zo, su huɗun suka rungume juna suka zube a ciyawa suna dariya. Baba yana ta jan rigata yana tambaya me ya faru, na gaya masa, na kuma gaya masa abin da yaronsa ya yi wa shugaban makaranta. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Shugaban kuwa yana nan tsaye da hannunsa a miƙe. Sai da maigidan ya goge idonsa da bakin riga, sannan ya juyo ya kama hannun da hannu biyu, ya tambaye shi gida da yara. Na duba agogon Baba, minti shida suka yi, ban ce komai ba.