Ranar da Magaji Ya Ga Cikin Motarsa

A shekarun da aka tare gulbi a Bakalori, aka shiga haƙa hanyoyin ruwa har wajen Bakura, babu mahaucin da ya kai Magaji sa'a a Talata Mafara. Shi ke kai nama barikin ma'aikatan madatsar. Kullum bayan sallar asuba zai kayar da shanu biyu a kwata, a feɗe, a loda a bayan motarsa a-kori-kura, a rufe da jiƙaƙƙiyar tabarma. Sharaɗin ɗaya ne: nama ya isa kicin kafin ƙarfe tara. Sau biyu ya makara a wannan watan, har Gajere, babban kukun barikin, ya faɗa masa a gaban jama'a cewa in ya ƙara, mahautan Gusau suna nan suna jiran a yafito su. Gida bakwai ne ke ci daga wannan kwangilar.

Motar ce ke jawo makarar. Shekara uku tana hannunsa, kuma shi ke yi mata juyen mai da kansa a ƙofar gida, yadda yayansa Lado ya koya masa. Lado ya taɓa tuƙa babbar mota a zamanin jigilar gyaɗa, saboda haka duk abin da ya faɗa game da inji ya zauna. Koyarwarsa ita ce a zuke baƙin man a daro, a tace shi da tsumma, a bar shi ya kwanta a rana, sannan a mayar. Haka Kaltumi, matar Magaji, take yi wa man suyarta, har ma ita ta ba da tsohon ɗankwalin da ake tatar. "Mai ba ya mutuwa," in ji Lado, "gajiya yake yi. Ka ba shi hutu kawai." Da wata 'yar jar fitila ta fara kamawa a gaban sitiyari, sai Lado ya manna mata filasta, ya ce kada ta riƙa tayar wa mutum da hankali.

Abin da ke ƙona rai shi ne ba Magaji kaɗai ba ne. Rabin masu motocin garin haka suke yi. Ga injunan da suka kawar da tsauni suna wucewa ta gabansu kullum, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi yadda ake kula da su. Da an yi magana sai a ce haka muka taras.

Mutum ɗaya ne ke musu, shi ne Ɗan Asabe, taubashin Magaji. Ya yi shekara huɗu a garejin kamfanin madatsar, ya fito ya buɗe nasa a bakin titin Gusau, ya kafa allo cewa yana juyen mai cikin minti ashirin. Magaji ya sha yi masa dariya a majalisa. Ya ce aikin da ke cin rabin yini, wanda ya yi shi a minti ashirin ai zamba ya yi, kuma ko raƙumi za a ba shi ba zai taka wurin ba.

Wata ranar Litinin, ƙarfe takwas daidai, Magaji ya fito daga kwata da lodinsa. Bai kai tasha ba injin ya fara bugu, ƙwal, ƙwal, kamar ana sara ƙashi a kan gungume. Ya rage wuta, bugun bai daina ba. Jar fitilar har ta cikin filastar ana ganinta. Ya yi tunanin komawa gida ya tace, ya tuna kafin man ya kwanta azahar ta yi. Ya yi tunanin ya ci gaba a haka, ya hango kansa tsaye a daji da naman shanu biyu a rana. Sai ya ga allon Ɗan Asabe a gabansa. Ya cije leɓe ya karya kan mota.

Ɗan Asabe yana zaune a kan tsohuwar taya yana shan kunu. Ya ajiye kwanon, ya kare ido da hannu.

"Wa nike gani haka? Ina raƙumin da anka ba ka?"

"Bawana, tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Ƙarhe tara nike son in ga Gajere."

"Ka ji shi! Mota na kukan mutuwa, shi yana sarauta. Hau nan, tsakanin ƙarahunan ga biyu. Sannu, kak ka rushe mini gareji."

Magaji ya hau ya fito. "Ina ramin da za ka shiga? Ko sai mun sauke naman?"

"Bar namanka inda yake. Matsa baya."

Ɗan Asabe ya kama wani dogon mariƙi a gefe, ya riƙa danna shi da hannu ɗaya kamar mai buga famfon rijiya. Da farko Magaji bai ga komai ba. Can sai ya ga haske ya ɓullo tsakanin taya da ƙasa. Wani ginshiƙin ƙarfe mai sheƙi yana fitowa daga ƙasa a hankali, ba ƙara, ba girgiza, motar tana bin sa. Ta kai gwiwarsa, ta kai ƙirjinsa, ta wuce hularsa. Motar da sai ƙarti shida ke tura ta in ta ƙi tashi, ga ta a sama da shanu biyu a bayanta, ruwan tabarma yana ɗiga, mutumin da ya ɗaga ta ko gumi bai yi ba.

"La'ilaha illallahu," in ji Magaji. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗan Asabe, mi ke ɗauke da ita?"

"Mai."

"Wane irin mai?"

"Ɗan'uwan wanda kake wulaƙantawa da ɗankwalin Kaltumi. Shi ke ɗaga bayan tifa, shi ke ɗaga hannun katafila. Shigo ka gani, ba ta faɗo maka."

Magaji ya shiga ƙarƙashin motar yana sunkuyar da kai, ko da yake babu abin da zai buge shi. Tun yana shekara goma yake buɗe cikin dabba. Ya san inda hanta take, da saifa, da matsarmama, ko idonsa a rufe. Amma abin da ke ciyar da gidansa, bai taɓa ganin cikinsa ba sai ɗan wurin da yake laluba a kwance da sifana. Yanzu ga shi duka a buɗe a kansa: bututu suna bin juna kamar hanji, ƙarafa kamar haƙarƙari, kowane abu da mazauninsa. Wani ne ya zauna ya tsara wannan, bai bar ko kusa ɗaya a banza ba.

Ɗan Asabe ya kwance notin ƙasa. Man ya ƙi zubowa da farko, sannan ya fito da gudaji kamar kunun da ya kwana. Ya miƙa hannu gefen injin ya murɗo wani gwangwani.

"Yaushe rabonka da canza wanga?"

"Mi ne ne shi?"

Ɗan Asabe ya dube shi, bai yi dariya ba. "Matatar mai ce. Injin da matatarsa anka yi shi. Shekara uku kana tacewa a waje, ita tana nan ta toshe."

Kafin man ya gama tsiyaya, ya sa zarto ya yanke kan gwangwanin, ya miƙa masa. Magaji ya fita rana, ya zaro wuƙarsa, ya tsaga abin da ke ciki yadda yake tsaga tumbi. Baƙin laka ne cunkushe. Ya lakato da bakin wuƙa, ya juya shi a haske, sai ya ga yana ƙyalli, ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa garin azurfa.

"Wannan ƙyallin hwa?"

"Naman injinka ne. Shi ke cin kansa, kai kuma kana tacewa kana mayar masa. Tsumma ba ya kama shi."

"Yana komawa?"

"Abin da ya cinye ya cinye."

Magaji ya tsaya da wuƙar a hannu. Shi ne mutumin da ya taɓa binne saniya guda saboda ya ga tsutsa a hantarta, mahauta suna ce masa ya yi hauka. Da a cikin dabba ya ga irin wannan, da bai bar kowa ya ci ba.

Ɗan Asabe ya ɗaura sabuwar matata, ya sauke motar, ya fasa sabon galan. Man ya zubo garai-garai kamar zuma. Magaji ya shiga, ya ɓare filastar da farce, ya murɗa makulli. Jar fitilar ta kama, ta yi jim, ta mutu. Bugun ya ragu, amma in ka kasa kunne yana nan can ƙasa.

"Takwas da ashirin da biyar," in ji Ɗan Asabe. "Saurara mini, ba wasa nike ba. In ka taka ta da ƙarhi, ba ka kai Bakalori. Tafi da ita kamar mai jinya. In ka kula da ita tana iya ba ka shekara guda kafin a buɗe injin. Kuma ka aje mini hanta gobe."

Wannan ita ce tafiya mafi wuya da Magaji ya taɓa yi. Ƙafarsa tana son takawa, kunnensa yana hana ta. Motoci suna wuce shi suna hon. A gefen hanya ya ga tifa tana ɗaga bayanta tana juye duwatsu, ya ga katafila ta ɗaga ƙasa cikin cokalinta sama da bishiyar aduwa. Kullum yana ganinsu, yau ne ya san abin da ke cikin hannuwansu. Da ya hau tudun ƙarshe, ruwan madatsar ya bayyana shimfiɗe har inda ido ya gaza, a kan wuraren da ya san gonaki ne da ƙauyuka. Bai taɓa jin kansa ƙarami haka ba.

Gajere yana tsaye a ƙofar kicin, agogo a hannu. Ya duba agogon, ya dubi Magaji, ya sake duba agogon.

"Saura minti huɗu. A sauke!"

Da la'asar Lado ya zo ƙofar gida, ya tarar da Magaji zaune da yankakken gwangwanin a gabansa, da sabuwar matata a kwali. Kaltumi ta leƙo daga zaure tana tambaya ko ta kawo ɗankwalin.

"Riƙe abinki," in ji Magaji. "Tatar mai ta ƙare a gidan nan. Ran da nike da sukuni ni zan yi juyen da hannuna, Ɗan Asabe ya nuna mini yadda ake yi. Ran da babu, in kai masa."

Lado ya yi tsaki. "Yaron jiya ya ruɗe ka. Mu da munka kai gyaɗa har Ikko..."

"Yaya, ba ni hannunka."

Ya shafa masa lakar a tafin hannu, ya juya hannun wajen rana. Lado ya murza da yatsa. Ya daɗe yana murzawa, ƙyallin yana bin zanen tafinsa.

"An ce mini," ya ce daga baya, bai ɗago kai ba, "wai da naman a ciki ya ɗaga ta."

"Shanu biyu, Yaya. Da hannu ɗaya."

Lado ya goge hannunsa a ƙasa, ya miƙe yana gyara hula. "Bai rufe garejin ba tukuna, ko?"