Maigadi da Motoci Biyar Marasa Murya

Ba-Birki ne ya riga kowa ganin motar da ke tafiya ba ƙara, ba hayaƙi, ba ɗigon mai. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan. Yana saukowa wata doguwar gangara da babbar mota maƙare da siminti, mai ya ƙare, injin ya mutu, ya taka birki ya ji ƙafarsa ta zarce har ƙasa. Motar ta dinga sheƙa gudu shiru, kamar kyanwa ta hango ɓera. Da wani ne, da ya buɗe ƙofa ya dira. Shi kuwa gyara zama ya yi, ya riƙe sitiyari, ya ce a ransa: wata rana duk motocin duniya haka za su koma. Motar ta tsaya a gonar wani bawan Allah, shi ya fito da karyayyen haƙarƙari biyu da sunan da ya bi shi har yau. Abin da ya gano cikin minti huɗu, shi da bai taɓa zama a aji ba, sai da masu karatu suka shekara talatin kafin su cim masa.

Don haka ranar da kamfanin raba magunguna da yake wa tuƙi ya sayar da tsofaffin motocinsa biyar ya kawo na lantarki biyar, Ba-Birki bai ko ɗaga gira ba. Da safe ya buɗe bonet zai duba mai kamar kullum, ya tarar da akwati fanko. Ya sa kwanon abincinsa a ciki ya rufe.

Wanda abin ya taɓa shi ne Maigadi.

Shekara ashirin da shida Maigadi yana bakin ƙofar kamfanin, a ɗan ɗakin da ke jikin katanga: gado ɗaya, buta ɗaya, rediyo mai eriyar waya, da benci a waje. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, kuma duk kamfanin ba wanda ya sani sai Ba-Birki. Da kunne yake aiki. Lamba ɗaya tari take yi, lamba biyu salansarta ta fashe, lamba uku kukan bel, haka har biyar. Tun mota na kwanar titi yake zare sakata, kafin ta iso ƙofa tana buɗe. Manaja, wata mace mai tabarau da ba ta maimaita magana, ta sha cewa ba ta taɓa ganin mutum mai kaifin ido irinsa ba.

In aka sallame shi, gidan 'yarsa zai koma, hawa na uku, inda surukinsa ya riga ya nuna masa wurin da za a shimfiɗa masa katifa, gefen injin wanki.

"Gara in kwana a kwata," in ji Maigadi.

Sababbin motocin nan kuwa duk murya ɗaya gare su, wani ɗan zuuu kamar sauro ya ƙoshi. A makon farko Manaja ta dawo a lamba uku, ta yi minti biyar a bakin ƙofa, Maigadi na zaune yana fuskantarta yana murɗa rediyo. Da ta danna hon ya miƙe ya ce, "Wa ake nema?" Kashegari kuma ya wangale ƙofa ga wani baƙo da ya ɓata hanya yana neman wurin caji, mutumin ya shiga har gaban sito.

"Baba Maigadi," in ji Manaja, "nan magani muke ajiyewa. In aka sake, ƙofa mai kyamara za a sa."

Da yamma Ba-Birki ya zauna a bencin, ya ture ƙafar Maigadi gefe.

"Tsoho, ka kwantar da hankalinka. Ni da na sauko da siminti tan talatin ba birki..."

"Bara tan ashirin ne."

"Bara ban auna da kyau ba. Ka bar min."

Ya samo gwangwanin madara biyar. Na farko ya zuba ƙusoshi, na biyu noti, na uku tsakuwa, na huɗu murafun kwalba, na biyar cokali biyu. Da motoci na jikin caji, direbobi sun tafi cin abinci, ya kwanta a ƙasa duk da haƙarƙarinsa, ya ɗaure kowanne a ƙarƙashin motarsa da waya. Cikin rabin awa ya mayar wa motoci biyar muryar da injiniyoyin duniya suka ƙwace musu.

Kwana goma ƙofa na buɗewa a kan lokaci. Kwana goma kuma direbobi na kai ƙara ofis cewa sabuwar mota tana kwaramniya kamar amalanken mai gwangwan. Aka kira Injiniya daga wurin dillalin motocin. Ya zo da na'urarsa ya jona, na'ura ta ce mota lafiya lau. Ba-Birki na tsaye a bayansa, hannu a goye.

"Na'ura ta ce lafiya, kunne ya ce ba lafiya. To, Injiniya, wa za ka gaskata?"

"Baba, wataƙila sai an sabunta manhaja."

"Sabunta, ɗana. Mu a zamaninmu guduma muke sabuntawa da ita."

Injiniya ya sabunta. Cokula suka ci gaba da aikinsu. Zuwansa na biyu ne ya sa aka ɗaga lamba biyar sama, ya leƙa da tocila, ya hango gwangwani ɗaure da waya.

Gwangwanaye biyar a jere a kan teburin Manaja. Da Ba-Birki ya shigo bai ko dube su ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Gwangwani ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya ɗaura?"

"Duniya da faɗi."

Ta ɗaga guntun wayar. Murɗi uku dama, ɗaya hagu, a lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanki hannu. Ta nuna ƙafar kujerar da yake shirin zama a kai, wadda ya gyara mata bara. Ta nuna hannun taga. Ta nuna maɗaurin fankar sama. Duk kamfanin nan ɗaure yake da wannan ƙulli, kuma Ba-Birki ya sha tsayar da mutane a hanya yana faɗa musu ba mai iya shi sai shi.

"Don masu tafiya a ƙasa na yi," ya ce. "Mota ba ƙara ai haɗari ce."

"Me ya sa kowacce da sautinta?"

"Kada jama'a su gaji da abu ɗaya."

Manaja ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Yau ba za ka fita ba. Ƙarfe huɗu, lokacin dawowar motoci, ni da kai za mu zauna a bencin Maigadi. Ba hon, ba gwangwani. Kuma in ka yi tari, Baba, kai ma na ji."

Mutumin da birki ya tsinke masa sau uku, taya ta fashe masa a kan gada, ya taɓa kwana biyu a ƙarƙashin tirela kafin a ciro shi, bai taɓa jin gumi na bin bayansa ba sai a kan wannan benci. Maigadi na zaune a tsakiyarsu, ya kashe rediyo, ya karkata kai gefe kamar kaza na sauraron shaho. A gaban ƙofar akwai faifan ƙarfe da aka rufe kwata da shi, duk mai shiga sai ya taka.

Huɗu da minti goma Maigadi ya miƙe.

"Dogo ne. Taya ɗaya yake ɗorawa a ƙarfen, yana tsoron ya lotsa."

Ya zare sakata. Dogo ne.

"Wannan Ango ne. Tun daga kwana yake waya da amarya, bai san ana jinsa ba."

Ango ne, waya a kunne. Manaja ta rubuta wani abu a takardarta.

Mota ta uku ta taho, irinsu sak, fara, da ɗan zuuu ɗinta. Ta hau ƙarfen ta tsaya. Maigadi bai motsa ba. Ba-Birki ya ji tari ya taso masa tun daga haƙarƙarin da ya karye, ya haɗiye shi da ƙyar.

"Ba ka buɗewa?" in ji Manaja.

"Ba tamu ba ce, ranki ya daɗe. Namu sun san ƙarfen nan yana tsalle, ba mai taka shi a tsakiya." Ya ɗaga murya. "Malam, wa ake nema?"

Injiniya ya leƙo ta taga. Manaja ce ta turo shi.

Sauran biyun ma ya kira su da suna kafin su iso, ɗaya da jan birkinsa, ɗaya da ƙofar bayan da ba ya rufewa da kyau.

"Shi Ba-Birki fa, da yana kan hanya?" Manaja ta tambaya.

"Shi ai ya fi kowa sauƙi. Da, injin na rufe masa baki. Yanzu tun daga kwana nake jin yana ba sitiyari labarin gangara." Ya juya wajen da yake jin numfashin Ba-Birki. "Mutumina, ka yi haƙuri. Mako ɗaya kawai na ruɗe. Da injin ya tafi sai na fara jin direbobin. Gwangwanayen nan naka ma hana ni ji suke, na yi shiru ne kada ranka ya ɓaci."

Manaja ta miƙa wa Maigadi makullin sito ta hagunsa. Ya miƙa hannu dama.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara uku."

"Shekara uku ina yabon idonka a taron ma'aikata."

"Ina jin daɗi kuwa, ranki ya daɗe."

Ta sa masa makullin a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ƙofa taka ce, ɗaki naka ne. Amma Litinin da safe Ba-Birki zai kai ka asibitin ido. Yanar ido ce, cirewa ake yi." Ta dubi Ba-Birki. "Ba gwangwani."

"Ko cokali ɗaya?"

Ta yi tafiyarta.

Duk mai hankali ya ga yadda abin ya tafi. Ba don gwangwani ba da ba a kira Injiniya ba, ba don Injiniya ba da Manaja ba ta zauna a benci ba, ba don benci ba da yanzu tsohon nan yana kwana da injin wanki. Ba-Birki ya tsara shi tun daga ƙusar farko, kamar yadda ya hango motar lantarki tun daga kan gangara. Maigadi yanzu yana gani da ido ɗaya, kuma abin da ya fara cewa da aka kwance bandeji shi ne Ba-Birki ya tsufa.

Mai musu ya zo bakin ƙofar ƙarfe huɗu na yamma. Bencin na nan, gwangwanayen na nan a kan tagar Maigadi. Ya warware ƙulli ɗaya ya mayar da shi yadda yake, murɗi uku dama, ɗaya hagu, ba tare da ya yanke yatsa ba. In ya iya, Ba-Birki zai rage tan biyar daga simintin.