Ranar da Saila Ta Shiga Sauna

Sai da Saila ta haura shekara talatin kafin ta iya buɗe baki ta gaya wa wani mahaluki cewa tana yankan jikinta. Wadda ta gaya wa ɗin kuwa nas ce a asibitin unguwarsu, wata mai murya kamar ana lallashin kyanwa. Nas ɗin ta yi ta gyaɗa kai har Saila ta fara tausaya wa wuyanta, sannan ta ce layin ganin likitan da ke sauraron irin wannan damuwa ya yi tsawo, sai dai ko bayan sanyi ya shigo. Kafin nan ta riƙa fita yawo cikin daji, tana jan numfashi a hankali. Saila ta bi ta da kallo. Wato mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɓoye jini, ya zo a ce masa ya je ya gaida bishiyoyi.

Amma duk da haka nas ɗin ta faɗi magana ɗaya da ta maƙale mata a rai.

"Ina so ki samo mutum guda," in ji ta. "Ba ni ba, ni ina tashi daga aiki. Wanda ya san gaskiya, wanda idan abin ya taso miki za ki kira shi kafin hannunki ya kai ga komai. Akwai?"

"Akwai," in ji Saila, don dai a rabu da ita.

Babu kuwa. Abokan aikinta a kamfanin inshora sun san ba ta sa madara a kofi, iyakar saninsu ke nan. Abin haushin shi ne ta san wadda take so ta zama mutumin nan guda, tana kuma jin kunyar son: Raili, uwar da ta haife ta.

Tun Saila na ƙarama, idan ubanta Aulis ya sha ya yi tatul, ita ce abin huce haushinsa. Ya zare bel ya jibge ta, in hannunsa ya gaji ya jefa ta ramin ajiyar dankali ya ja murfi, ta wuni cikin duhu da sanyi. Raili kuwa sai ta ƙara ƙarar rediyo ta ci gaba da guga. Daga ramin nan Saila ta fito wata rana ta fara yi wa kanta rauni, wai zafin da ta zaɓa da hannunta ya danne wanda aka ɗora mata. Bai taɓa dannewa ba, sai dai ta ƙara tabo. Duk shekarun nan tana lallashin kanta da cewa Mama ta san dukan, amma ba ta san inda ya kai ta ba. Da ta sani, ai da ta yi wani abu.

To ta yaya za ta sani? A wajenmu ba a zaunar da uwa a ce ga abin da ke cikina. Mutum ya gwammace ya sare itace ɗaki guda da ya faɗi kalma ɗaya mai nauyi. Saboda haka Saila ta yanke cewa jikinta ne zai yi maganar. Bikin tsakiyar bazara ya zo, kowa zai hallara a gidan iyayenta na katako da ke bakin tafki, za a hura sauna, wato ɗakin wankan tururi, mata su fara shiga kamar kullum. Rabonta da shiga tare da su tun tana makaranta, wai zafin yana sa mata ciwon kai. Bana za ta shiga, ta tuɓe a gaban uwarta, ta ga ta inda za a kauce wa tambaya.

Ta iske gidan yadda ta bar shi. Aulis ya tsufa, ɓarin fuskarsa ya saki, yana dogara sanda, amma har yanzu shi ke hura wutar sauna, kowa kuma na yabon hannunsa kamar wani aikin ceto yake yi. Yayanta Ilpo ya laɓe bayan hayaƙin kifin da yake gasawa. Shi dama tun yana yaro gwani ne wajen samun aiki a wani gefe.

"Kin iso," in ji Aulis.

"Na iso."

An gama gaisuwar uba da 'ya ke nan.

Sai ga Marjut, matar Ilpo, ta fito da bokitin sabon dankali, bakinta ya riga ƙafarta isowa. Mutuniyar gabas ce, can wajen Kareliya inda suke magana ko ba a tambaye su ba. Gidan duk sun raina ta, Saila ma na cikin masu rainin. Mace ce da za ta ba ka labarin basir ɗin kakarta kana tsakar cin abinci.

"Lallai yau akwai kallo! 'Yar birni ta tuna da mu. Ke, wannan doguwar riga cikin zafin nan, jana'iza za ki? Zo ki kankare dankali, kar ki tsaya min kamar turken waya."

"Zan shiga sauna yau," in ji Saila, idonta a kan uwarta.

Raili ta ɗago daga yankan burodi, ta mayar da kai. "To. Akwai tawul a bayan ƙofa."

Da la'asar hayaƙi ya lafa, Aulis ya sanar da cewa saunar ta yi zafi. Matan uku suka gangara. A ɗan ɗakin tuɓe kaya maɓallin rigar Saila ya ƙi ɓalluwa, ta ji haushi, ta fizge shi har zaren ya tsinke. Ta shiga a ƙarshe, ta hau benci na sama, ta zauna daidai inda hasken 'yar tagar ke faɗowa. Tabon duk ga su nan a fili, na damatsa da suka yi fari don daɗewa, da na cinyoyi waɗanda har yanzu jajaye ne. Makaho ne kawai zai ce bai gani ba.

Marjut tana tsakar labarin maƙwabcinsu da ya sayi kwalekwale mai yoyo, maganar ta tsaya mata a wuya. Raili ta duba. Saila ta ga ta duba, ido cikin ido da cinyar. Sannan tsohuwar ta ɗauki ludayi, ta ɗebi ruwa ta watsa wa zafafan duwatsun murhun, tururi ya taso ya rufe su.

"Babanku dai ya iya wuta," in ji Raili.

Haka muke. An koya mana tun muna kan cinya cewa a sauna ba a ƙura wa jikin mutum ido, ba a faɗa, ba a ɗaga murya, a zauna kamar a coci. Mun ɗauki wannan mun mai da shi mutunci, har ta kai idan mutum na narkewa a gefenmu sai mu dubi bango don kada mu takura masa. Saila ta san wannan sarai, a cikinsa ta girma, amma ta zo da wautar cewa akwai abin da ya fi ƙarfin ladabi. Ta zauna gumi na zuba, tana jira. Raili ta jiƙa damin ganye ta shiga bugun bayanta da shi hankali kwance.

Da suka sauko wanka, Raili ta ce, "Juyo in cuɗa miki baya."

Saila ta ɗago ta dube ta. Rabon da hannun nan ya taɓa ta har ta manta. Ta juya, ta ji soso na tafiya a kafaɗunta a hankali, yana zagaye tabon ba ya hawa kansu. Hawaye suka cika mata ido, ta ce a ranta ga shi nan, yanzu za ta tambaya.

"Na cinyar nan sababbi ne," in ji Raili, da muryar da take faɗin farashin man shanu. "Na hannun kam tun kina makaranta."

Saila ta juyo. "Kin sani?"

"Ni nake wanke zanin gadonki."

"Mama. Kin sani, tun lokacin?"

"To me zan ce? Ban so in ba ki kunya ba. Na ga kina ɓoyewa, na ce abinki ne, in kin so za ki faɗa." Ta matse soson. "Kuma kullum ina sa filasta a durowar banɗaki. Ba ta taɓa yankewa ba."

Filasta. Ta faɗe shi har da ɗan alfahari, irin na matar da tukunyarta ba ta taɓa ƙonewa ba. Saila ta tsaya tana kallon 'yar tsohuwar nan mai furfura manne a goshi, ta nemi fushin da ya kamata ya zo, ba ta same shi ba. Abin da ya zo raini ne, mai sanyi, har ya ba ta tsoro.

"Ba ki tambayi dalili ba?"

"Ba a irin wannan magana a nan, Saila."

"A ina ake yin ta?" Marjut ce, ta miƙe tsaye da kumfa a ka. "A'a, Raili, gaya min, a ina? A kicin ba a yi, a tebur ba a yi, a mota ba a yi. Ko sai a bakin kabari? Yarinya na zubar da jini a gidanki, ke kina sayen filasta!"

"Rage murya, maza na ji."

"Su ji mana! Kunnen nasu na ado ne?"

Raili ta ɗauraye hannunta, ta ce wuta za ta mutu kafin maza su shigo, ta ɗaura tawul ta fita ɗebo itace.

Marjut ta ja Saila waje, ta zaunar da ita a kan matakalar da ke fuskantar tafki, ta yafa mata tawul a kafaɗa. Ita kanta ko ɗaurawa ba ta yi da kyau ba, ga kumfa na gangaro mata cikin ido.

"Shi ne?" ta tambaya, ta nuna gidan da haɓa.

"Shi ne."

"Na rantse na daɗe ina zargi. Ilpo ko ramin dankalin nan ba ya iya wucewa ta gabansa, in na tambaya ya ce ƙafarsa ke ciwo. Gidan kurame! Kin je asibiti?"

"Na je. Sai sanyi ya shigo. Sun ce kafin nan in samo mutum guda da zan riƙa kira in abin ya taso." Saila ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shi na zo nema."

"Wajen waccan? Ai gara ki kira murhu, shi ko ɗumi zai ba ki." Marjut ta share ido da bayan hannu. "Ni za ki kira. Na san ba kya ƙaunata, kar ki wani buɗe baki, ina ganin yadda kike kallon silin in ina magana. Ba soyayya na ce mu yi ba. Ki kira, ko ina wajen aiki, ko ina banɗaki. Ranar ganin likitan kuma ni zan kai ki, in zauna a waje in dami masu jira. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Saila ta dubi matar nan da ta shekara goma tana yi wa kallon banza. Kunya ta kama ta, ta kuma ji wani abu ya sassauta a ƙirjinta wanda ta manta yana ɗaure.

"Na ji," ta ce.

Raili ta dawo rungume da itace. Ta zo daidai matakalar ta tsaya, ta dubi 'yarta, bakinta ya motsa. Duk da abin da ya faru, sai da zuciyar Saila ta sake miƙa hannu, don zuciya ba ta da kunya. Daga can sama an ji ƙarar sanda a kan tsakuwa, Aulis na gangarowa da tawul a wuya, Ilpo na biye da shi kansa a ƙasa.

"Rufe ƙafafunki," in ji Raili ƙasa-ƙasa. "Babanki na tahowa."

Saila ta cire tawul ɗin daga kafaɗarta, ta naɗe shi ta ajiye a gefe, ta miƙe ƙafafunta a kan matakalar da dole sai ta nan zai bi.

"A'a, Mama," ta ce. "Aikinsa ne. Bari ya gani."